Kafin Ku Sayi Mota, Ki Zauna a Baya

Sauka Kahuta, Minna.

Zuwa ga 'yata Hadiza, Ummina ta kaina,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki gaisuwa mai yawa, ina gaida maigidanki da mahaifiyarsa, da fatan kun sauka Sakkwato lafiya, gajiyar hanya ta bi jiki. Allah ya tsare ku a gida da waje, ya sa garin ya karɓe ki. Labarin gida kuwa Mamanki za ta ba ki a waya, ta fi ni iya shi nesa ba kusa ba.

Ana jibi za ki tafi kika same ni a tsakar gida kika ce ke da mijinki kuna shirin sayen mota. Shi ransa na kan ƙaramar jif, ke kuma hankalinki ya fi kwanciya da doguwar nan mai kujera bakwai irin tamu, tunda mahaifiyarsa tare da ku za ta zauna. Kika ce in ba ki shawara. Na yi dariya na ce sai na yi tunani. Ƙarya nake, ba wani tunani da nake bukata. Nauyin bakina ne ya hana ni, domin amsar tana cikin wata wauta da na tafka kina ajin ƙarshe na sakandare. Kin san rabin labarin, tunda kina cikin motar. Ga rabin da na ɓoye.

Shekarar da aka ƙara mini girma a ofishin safiyo kaina ya yi girma fiye da muƙamin. Duk abokan aikina da suka taka wannan matsayi sun hau jif, ni kuwa ina fama da tsohuwar motata mai tari kowace safiya. Na tafi wurin Alhaji Ndagi, dillalin motocin Kwatano, na tarar da wata ƙaramar jif baƙa wuluk tana sheƙi. Na buɗe ƙofar direba na hau, na ja kujera baya daidai tsawon ƙafafuna, na kama sitiyari. Sai na ga duniya ta koma ƙasa da ni, ina hango saman kan mutane. Alhaji Ndagi ya leƙo ta taga ya ce, “Oga safiyo, wannan mota shi ne daidai kai. In ka shiga ofis da shi, maigadi zai yi maka salut biyu.” Ban ko buɗe ƙofar baya ba, Ummi. Mutumin da ya shekara ashirin yana auna filayen mutane, wanda ba ya sa hannu a takarda sai ya taka kusurwa huɗu da ƙafarsa, shi ne ya sayi mota bayan ya gwada kujera ɗaya tak. A gabanta akwai wata doguwa ruwan toka mai ƙofar da ake zugewa. Na kalle ta na ce wannan ai motar kai yara makaranta ce.

Wannan ne kuskurena na farko, kuma ina roƙonki kada ki maimaita shi. Mai tuƙi ba shi ne mai mota ba. Kujerar direba a kowace mota an yi ta da kyau, domin shi ne ke biyan kuɗi. Idan kun je gwaji, ki bar mijinki ya gyara kujerarsa yadda yake so, sannan ke ki shiga bayansa ki zauna, ki rufe ƙofa, ki ɗauki minti goma ba ki motsa ba.

Da na kawo ta gida Mamanki ta zagaya ta sau ɗaya, ta buɗe baya, ta buɗe but, ta ce, “Baban Ummi, mu bakwai ne fa a gidan nan. Ina Inna za ta sa ƙafarta?” Na ce mata ita ba ta san mota ba. Matar da ta riga ni samun lasin. Ta juya ta koma kicin, ni kuma na ɗauka na yi nasara. Ki riƙe wannan ma: duk wanda ya yi miki tambaya kika ji haushinta tun kafin ki gama jinta, to ki koma ki sake sauraro, yawanci gaskiya ce ta taɓa ki.

Tafiyarmu ta farko da Inna ita ce bikin nan na Bida. Kin san kakarki, takwararki. Bafulatana ce ta gaske, ni kuma ɗanta na fari. Tunda ta haife ni ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta cin abinci a gabana, ba ta yi mini magana kai tsaye in akwai wanda za ta bi ta kansa. A wurinta ni “wancan” ne, ko “mai gidan nan”. Kujera mai daɗi a jif ɗin nan guda biyu ce, tawa da ta kusa da ni. Na ce ta shiga gaba, ta kau da kai kamar na yi saɓo. Uwa ta zauna kafaɗa da kafaɗa da ɗan farinta har Bida, mutane suna gani? Sai baya.

To shiga bayan ma aiki ne. Ƙasan motar ya kai mini kusan gwiwa, ƙofar kuma ƙarama, sai mutum ya ɗaga ƙafa ya sunkuyar da kai ya murɗa ƙugu duk a lokaci ɗaya. Inna da ciwon gwiwa, ga zani. Ta gwada sau biyu ta kasa. Ni kuwa da azarɓaɓina na zo na tallabe ta na ɗora a kujera, a gaban maƙwabta, ina jin kaina ɗa nagari. Ban kalli fuskarta ba. Aka cusa ki da ƙannenki biyu kusa da ita, autarmu a cinyar Mamanki a gaba, kular abinci a ƙafafunku saboda but ya cika da jaka uku kacal. Muka kama hanya ina ta ba ku labarin ƙarfin inji.

Da muka dawo na ce Mamanki ta tambaye ta yaya ta ji motar. Ta ce, “Lafiya lau. Allah ya sa alheri.” Na ɗauki wannan amsa na sa a aljihu ina taƙama da ita. Kwana uku ba ta fito daga ɗaki ba, tana salla a zaune, na ce gajiyar biki ce. Nan ne na fi jin kunyar kaina idan na tuna. Na san uwata. Na san ko ƙaya ta taka a gabana ba za ta ce wash ba. Amma da yake amsar ta yi mini daɗi, sai na yi kamar ban san wadda ta ba da ita ba.

Ummi, surukarki ma ba za ta gaya miki ba. Tsofaffinmu ba sa kushe abin da ɗansu ya saya da guminsa. Kada ki tsaya kan abin da bakinta ya ce. Ki kalli yadda take sauka daga mota, ko tana dafa ƙofa, ko tana tsayawa jim kafin ta ɗaga ƙafa. Ki lura ko ta fara cewa ku je kawai ita za ta yi tsaron gida.

Haka Inna ta koma yi. Suna, ku je. Gaisuwar rasuwa, ku isar mini. Ranar ganin likita, ai na ji sauƙi. Da na fara zargin tsayin motar ne, maimakon in amsa laifina sai na shiga faci. Na sayo kujera 'yar tsugunno a Kasuwar Kure na ajiye a but don ta riƙa takawa. Na sa aka ɗinka matashi mai laushi. Matashin ya ƙara mata tsawo har ɗankwalinta yana gogar rufi, gwiwa kuwa tana nan inda take, a manne da bayan kujerar gaba. Wata takwas ina wannan wasa. Idan kin gane abu bai yi ba, ki ce bai yi ba tun da wuri. Faci ba ya ƙara wa mota faɗi, ni dai bai ƙara mini komai ba sai taurin kai.

Ana nan sai saƙo ya zo daga Yawuri cewa Yafendo Dije, ƙanwar Inna, ita kaɗai ta rage mata cikin 'yan ɗakinsu, tana kwance ba lafiya. Idonta ya riga ya tafi, ga jiki ya yi nauyi, kuma ba ta da magana sai ta Addarta, wato Inna. Rabonsu da juna shekara shida. Na ce a shirya, gobe da sassafe sai Yawuri. Inna ta ce wa Mamanki, “A gaishe ta. Allah ya ba ta lafiya.” Na ce ko a kai ta tasha ta hau ta haya, ta ce ɗanta da mota a ƙofar gida ba za a gan ta a tasha ba. Raina ya ɓaci ƙwarai. Har na ce wa Mamanki ban taɓa sanin zuciyar Inna ta yi tauri haka ba. Allah ya yafe mini wannan magana.

Sati biyu ana kira daga Yawuri, ni ina kumbure-kumbure. Wadda ta fasa ƙwan ita ce Maman Rahila, maƙwabciyarmu nas ɗin nan 'yar Kafanchan da ke zuwa shafa wa Inna magani a gwiwa. Ta tare ni a ƙofar gida da yamma ina wanke jif ɗin, ta riƙe ƙugu ta ce, “Baban Ummi, kai kana wanke mota, Mama yana kuka a ɗaki. Ka sani?”

Na ce kukan me?

Ta ce, “Yana so ya ga ƙanwansa mana. Amma ya ce Bida ma da kyar ya kai, ina Yawuri? Ya ce in ya shiga motan nan awa biyar, ɗaukansa za a yi a sauke kamar buhu a gaban dangi. Kuma kai ne za ka ɗauka. Ya ce gara ya zauna.” Ta nuna kujerar baya da baki. “Kai ka taɓa zama a wurin?”

Na juya na dubi kujerar. Ban taɓa ba.

Washegari Asabar na miƙa wa Mamanki makulli. Ta karɓa, na ga murmushin da take dannewa. Ta tura kujerar gefenta baya yadda takan zauna da autarmu a cinya, ta ce in shiga bayanta inda Inna ta zauna, ta sa ku uku kuka matse ni, ta dire kula a ƙafafuna. Kina tuna ranar, kun ɗauka yawo za mu. Muka ɗauki hanyar Bida. Kujerar gajera ce, ba ta tallabe cinya, kuma ta yi ƙasa, sai gwiwoyina suka fi ƙuguna tsawo. Bayanta a miƙe tsaye kamar bencin makaranta, ba ta kwanciya. A tsakiyar daɓen akwai wani doro da ya hana ni inda zan karkatar da ƙafa. Kowane rami muka faɗa sai motar ta wurga ni gefe, saboda tsayinta, kaina ya bugi ƙarfen taga. Tun kafin mu kai Gidan Kwano ƙafata ta dama ta sage. Na ce, “Hajiya, tsaya haka, na gane.”

Ba ta ko rage gudu ba. Ta kalle ni ta madubi ta ce, “Inna ta kai Bida.”

Sai da ta kai ni Kataeregi sannan ta juyo. Da muka iso gida na zuro ƙafa na kasa tsayawa, na dafa ƙofa ina jira jini ya sauko. Ni mai shekara arba'in da bakwai, lafiyata ƙalau. A tsaye a wurin hawaye ya zo mini, ba na ciwo ba.

Ranar Litinin na koma wurin Alhaji Ndagi da tef ɗin awona na ofis. Doguwar ruwan tokar tana nan ba wanda ya saya. Wannan karon na yi aikina yadda na iya shi. Na fara da ƙasa: tsayin matakinta bai wuce tsakiyar ƙwaurina ba, tsohuwa za ta taka kamar dokin ƙofar ɗakinta. Na zuge ƙofa, ta buɗe wangam, mutum ya shiga da fuskarsa gaba ba sai ya murɗe ba. Daɓen a shimfiɗe yake tun daga gaba har baya, ba doro. Na gyara kujerar direba daidai ni, na koma bayanta na zauna. A jif yatsu huɗu ne tsakanin gwiwata da kujerar gaba, a nan taƙi biyu har da ɗori, kuma kujerar tana ja baya a kan layinta. Kujerun tsakiyar guda biyu ne, kowace da kanta, da wurin ɗora hannu, tsayinsu kamar kujerar falo, ana kwantar da su mutum ya kishingiɗa. Na shiga layi na uku ma na zauna. Can dai na yara ne da marasa tsawo, ba zan yi miki ƙarya ba, amma ya fi bayan jif sakewa. Na sa aka kawo buhun masara da kula biyu aka zuba a but, aka rufe ba tare da an danna ba.

Alhaji Ndagi yana kallona yana girgiza kai. Ya ce, “Oga, mota ne kana saya ko fili?” Na ce masa fili ne, na uwata. Muka yi musaya, na yi asara, ban kuma tsaya lissafa ta ba.

Kada ki ce na ce jif ba ta da amfani. Idan ku biyu ne da jariri, ko aikinku na shiga daji ne, ta fi. Tamu doguwar cikinta na gogar ƙasa a layinmu duk damina, mai kuma tana shan sa kamar an aiko ta. Samun wurin ajiye ta a kasuwa sai da addu'a. A ofis an yi mini dariya har da masu tambaya ko na fara lodin Suleja, kuma sau biyu mata suna tsayar da ni a Kpakungu suna tambayar nawa ne Bosso. Na ji zafin wannan na kwana biyu, daga baya na riƙa tsayawa ina rage musu hanya. Abin da nake so ki gane shi ne, ki fara ƙirga mutanen da za su shiga, ki fara da wanda ya fi kowa rauni a cikinsu, sannan ki zaɓi mota.

Saura shawo kan Inna, kuma a nan ne kaɗai na yi dabara a duk labarin. Ban ce mata ga sabuwar mota ba, ban ce ta zo ta gwada ba, don na san ba za ta zo ina tsaye ba. Na ajiye motar a inuwar mangwaron ƙofar gida, na zuge ƙofa na bar ta a buɗe, na tafi sallar la'asar na ƙi dawowa da wuri. Mamanki da Maman Rahila suka shiga ciki suka zauna suna ɓarar gyaɗa suna hira da ƙarfi. Da na dawo na hango ta daga nesa. Tana kujerar tsakiya, ta miƙe ƙafafu, hannu a kan madogara, tana jan carbi. Ba wanda ya taimaka mata ta hau. Na sunkuyar da kai na wuce cikin gida kamar ban ga kowa ba, zuciyata kuwa kamar in yi guɗa. Kafin magariba ta ce wa Mamanki a nemo mata goro da man shanu mai kyau, ba a zuwa dubiya hannu sake.

Muka tashi bayan asuba. Zungeru, Tegina, Kontagora. Ina satar kallonta ta madubi. Kafin Tegina ta sa kin kwantar mata da kujera, ta yi barci har da minshari, ku kuna can baya kuna faɗa a kan rake. A Kontagora ta sauka ta yi alwala ta koma da kanta. Ni dai addu'a ɗaya nake yi a raina, Allah ya sa mu tarar da Yafendo da rai, domin in ba haka ba na san sati biyun da aka ɓata a wuyana suke.

Muka isa ana kiran azahar. Dangi sun cika ƙofar gida. Na kashe mota na riƙe sitiyari, na hana kaina fita. Inna ta gyara mayafi, ta sauko da ƙafa ɗaya, ta sauko da ɗayar, ta miƙe tsaye cak. Ta ratsa mutane da ƙafarta tana amsa gaisuwa, ba sanda, ba hannun kowa, har ɗakin. Ina daga bakin ƙofa na ji muryar Yafendo, siririya, tana cewa, “Adda, ke ce? Da ƙafarki kika zo?” Inna ta ce, “Da ƙafata.” Sai Yafendo ta lalubo fuskarta da hannu biyu. Na koma bayan motar na zauna a ƙasa, na yi kukana ba wanda ya gani.

Yafendo ta tashi daga wannan ciwo, ta ƙara shekara biyu a duniya, kuma sau biyar muna kai mata Addarta. A hanyarmu ta dawowa daga tafiyar farko, mun wuce Kontagora, sai Inna ta yi gyaran murya. Ba ta bi ta kan Mamanki ba, ba ta bi ta kanki ba. Ta dubi ƙeyata ta ce, “Kai. Allah ya yi maka albarka.” Shekarata arba'in da bakwai ina jiran ta yi mini magana ni da kaina. Na ce amin, na riƙe motar da kyau, don hanya ta dushe mini.

To, Ummi, ki karanta wa mijinki wannan takarda in kin ga dama, ya yi dariyar surukinsa, na yafe. Amma ku tafi wurin dillali ku uku, ku bar mahaifiyarsa ta shiga da kanta ta fita da kanta, ku kuna kallon wani wuri.

Allah ya ba ku abin hawa mai albarka, ya kare ku daga sharrin ƙarfe da sharrin hanya, ya kai ku inda za ku ya dawo da ku lafiya. Allah ya zaunar da ke lafiya a ɗakinki, ya sa ki ji daga bakin surukarki irin abin da na ji daga bakin uwata. Mamanki da ƙannenki suna gaishe ki, Inna ta ce a gaida takwara.

Wassalam.

Naki har kullum,
Babanki.